Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Giyar Ogzilari da Damina a Ƙasar Zuru

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin karkarar ƙasar Zuru a cikin watan Agusta ya san irin abin da za a bayyana a nan. An kwana ana ruwa, rafi ya kawo ya janye, ya bar taɓo a mashigi. Ga wata a-kori-kura ƙirar Hilux ta fito daga garin Zuru ta nufi wani ƙauye da ke bayan Ribah, tana ɗauke da ma'aikatan lafiya da akwatin sanyi na allurar rigakafin yara. Ƙafafun baya sun nutse, suna ta juyawa a wuri ɗaya suna feshin laka. Direba ya murɗa maɓallin ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafafun mota huɗu su ja tare, sai wata 'yar fitila ta kama ƙyaftawa a gabansa ta ƙi tsayawa, ƙafafun gaba kuwa ko motsi. Daga nan sai neman samarin ƙauye da faretani da itatuwa, rana tana yi, ƙanƙarar da ke cikin akwati tana narkewa, alhali yawancin alluran nan ana son su zauna ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas.

Idan aka koma gida, abin da akan ji shi ne motocin zamani ba su da ƙarko. Wannan maƙala tana da wani ra'ayi dabam. 'Yar na'urar da ta ƙi amsawa a cikin taɓon nan, wadda kanikawa ke kira aktuweta, ta fi mutuwa saboda zaman banza da rashin dubawa fiye da yadda take mutuwa saboda wahalar aiki. Don haka ya wajaba motsa ta kowane wata, da duba ta kafin faɗuwar damina, su zama doka a kan kowace mota mai ogzilari da jama'a suka dogara da ita.

Ƙasar da hanyoyinta

Masarautar Zuru tana kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, da Fakai, da Danko-Wasagu, da Sakaba. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙoramu, ruwan samanta ya fi na arewacin jihar yawa, mutanenta kuma sun shahara da noman dawa da masara da shinkafa da gyaɗa. Manyan hanyoyi suna haɗa Zuru da Dabai da Mahuta har zuwa Koko, da Ribah da Wasagu da Bena, da kuma Rijau ta Jihar Neja. To amma da zarar an sauka daga kan waɗannan, sai hanyar marmara da ta burji, wadda da rani kowace mota ke bi, da damina kuwa sai mai ƙafa huɗu.

A nan ne matsalar take. Daga watan Nuwamba har zuwa Afrilu ƙasa a bushe take, babu abin da zai sa direba ya tuna da ogzilari. Na'urar takan yi wata biyar ko shida tana kwance, ƙurar hunturu tana hawa kanta, ana wanke ta da ruwa mai ƙarfi a wurin wankin mota. Ranar da aka neme ta kuwa ita ce ranar da mace mai naƙuda ke bayan mota, ko manomin da kububuwa ta sara, ko takin da ake jira kafin shuka ta wuce. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi sassan yankin a shekarun nan, wadda ta sa kwana a kan hanya ya zama abin tsoro na gaske.

Yadda na'urar take aiki

Ƙarfin mota daga inji yake fitowa, ya shiga giya, ya bi wani dogon ƙarfe mai juyawa da ake kira farfela zuwa ƙafafun baya. A mota mai ogzilari akwai ƙarin wani akwati a bayan giya, wanda kanikawa ke ce wa taransifa, ana kuma iya kiransa akwatin rabo, domin aikinsa raba ƙarfin inji tsakanin farfelar baya da ta gaba. Yana da matsayi uku. A H2 ƙafafun baya kaɗai ke ja. A H4 duka huɗun suna ja. A L4 kuwa suna ja su huɗu da ƙaramar giya, wadda a Hilux take rage gudu kimanin ninki biyu da rabi, ta ƙara ƙarfin juya ƙafa da gwargwadon haka.

A tsofaffin motoci direba ne ke sauya waɗannan matsayi da hannunsa ta hanyar wata gajeriyar sanda da ke kusa da sandar giya. Hilux ɗin da kamfanin Toyota ya fara fitarwa a shekarar 2015 ta zo da maɓallin murɗawa a maimakon sandar. Idan direba ya murɗa, saƙon lantarki yakan tafi wurin wata ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta kunna wani ɗan mota mai aiki da wutar batir da ke cikin aktuweta. Ɗan motan yana juya wasu ƙananan haƙoran giya, su kuma su tunkuɗa wani ƙarfe mai kama da gwafa, wanda ke haɗa sarƙar da ke kai ƙarfi ga farfelar gaba. Akwai aktuweta ta biyu a jikin aksul na gaba, wadda ke ƙarasa haɗin zuwa ƙafafu. A cikin kowace akwai 'yan faifan jan ƙarfe da ke shaida wa kwamfuta inda gwafar ta kai. Idan aiki ya kammala, fitilar da ke gaban direba takan tsaya cak. Idan ta ci gaba da ƙyaftawa, ma'anarta an ba da umarni amma ba a sami labarin cikarsa ba.

Darasi daga jikin ɗan Adam

Ɗalibin ilimin halittu ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba, domin yana ɗauke da irinsa a jikinsa. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, jijiyoyin saƙo su kai shi, tsoka ta tsuke, agara ta ja ƙashi, gaɓa ta motsa. Haka kuma a cikin tsoka da agara akwai wasu ƙananan maji da ke mayar wa ƙwaƙwalwa labarin inda hannu ko ƙafa take, shi ya sa mutum ke iya kai loma baki a cikin duhu. Aktuweta ita ce tsokar akwatin rabo, faifan jan ƙarfen nan kuwa su ne majinta.

Kowa ya ga wanda ya karye aka yi masa ɗori. Bayan makonni shida, idan aka kwance karan ɗori ko aka cire filasta, sai a ga hannun ya rame, gaɓar ta sandare, ko da yake babu abin da ya taɓa tsokar. Dalili shi ne tsokar da ba ta aiki takan zube. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi a gaɓa ba shi da jijiyoyin jini, abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, motsi ne kuma ke matsa ruwan ya shiga ya fita. 'Yan sama-jannati da ke zama a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sukan yi motsa jiki na kimanin awa biyu kullum, domin inda babu nauyi manyan ƙasusuwansu kan rasa wajen kashi 1 cikin 100 na kaurinsu a kowane wata.

Sai dai a yi hattara da kwatance. Na'ura ba ta ci ba ta sha, dalilan sandarewarta na kimiyyar sinadarai ne. Giris ɗin da ke jikin haƙoranta haɗin mai ne da wani sinadari mai kauri, idan ya daɗe a zaune cikin zafi sai man ya tsiyaye ya bar dasƙararren abu kamar tsohon sabulu. Jan ƙarfe idan ya haɗu da laima da iskar oksijin yakan yi tsanwa, tsanwar nan kuwa ba ta barin lantarki ya wuce sosai. Duk lokacin da na'urar ta motsa, takan sake shafe giris a inda ya dace, ta kuma goge faifanta da kanta. Babban bambancin shi ne jiki yana iya gyara kansa idan aka koma motsa shi, ƙarfen da tsatsa ta cinye kuwa ba ya dawowa. Wannan ne ya sa littafin jagorar motocin Toyota masu irin wannan tsari yake shawartar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da ƙafafu huɗu a kowane wata.

Abokan gabar na'urar

Na farko shi ne ruwa, kuma hanyar shigarsa tana cikin darasin fiziks na aji huɗu. Aktuweta da akwatin rabo suna da ɗan siririn tiyo na numfashi wanda bakinsa ke can sama, domin iskar da ke ciki ta sami wurin fita da shiga. A ɗauka akwatin ya yi zafin digiri 70 bayan doguwar tafiya, sai mota ta faɗa rafi mai sanyin digiri 25. A ma'aunin Kelbin wannan saukowa ce daga 343 zuwa 298, wato matsin iskar da ke ciki zai ragu da kimanin kashi 13 cikin 100. Idan tiyon yana da lafiya, iska ce za ta shiga ta cike giɓin. Idan ya tsage ko ya zame daga mazauninsa, ruwan rafi ne zai shiga, ya zauna a ciki yana aikinsa a hankali har damina ta gaba. Hilux ta zamani an ƙera ta ta ratsa ruwan da bai wuce santimita 70 ba, wannan ma da sharaɗin komai nata yana daidai.

Na biyu shi ne zanzaro. Wannan ƙwaro yana neman rami ko lungu ya gina ɗakin laka, ya zuba tsutsotsi ko gizo-gizo da ya sumar da harbi, ya yi ƙwai, ya liƙe. Bakin tiyon motar da ta daɗe a ajiye ya ishe shi. Idan tiyon ya toshe, akwatin zai ja numfashinsa ta gefen robobin da ke tare mai, ya jawo ruwa da ƙura tare. Kada mai karatu ya raina wannan ƙwaro. A watan Fabrairun 1996 wani jirgin sama ƙirar Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye, bututun da ke auna gudunsa ya toshe, masu bincike kuma suka fi zargin ginin zanzaro ne ya toshe shi.

Na uku shi ne ɓera. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, dole ya riƙa gwaguyar abu domin ya rage su. Motar da ke dakon dawa da masara, ta kwana kusa da rumbu ko sito, gida ce gare shi, wayoyin da ke kai saƙo ga aktuweta kuwa abin wasa haƙori ne.

Na huɗu shi ne taya. Yawancin a-kori-kura ba su da giyar tsakiya da ke barin ƙafafun gaba da na baya su yi gudu dabam-dabam, saboda haka idan aka sa H4 an ɗaure su ke nan wuri ɗaya. A ɗauka tayar gaba kewayenta santimita 240 ne, ta baya kuma ta side ta koma 235. A kilomita ɗaya ta gaba za ta juya sau 417, ta baya sau 426. A kan taɓo ko yashi ƙafa takan ɗan zame ta shanye wannan bambanci. A kan busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarafan su murɗe su ɗaure, gwafar ta maƙale, ɗan motan aktuweta ya yi ta nishi har ya ƙone. Haka yake faruwa ko da tayoyin daidai suke idan ana shan kwana a kan kwalta da ogzilari, domin ƙafafun gaba sun fi na baya nisan zagaye.

Abin da ya kamata a yi

Aikin wata-wata na direba ne, ba ya bukatar bakanike. A kan hanyar marmara, a cikin tafiyar da dama za a yi, ya sa H4 ya yi kilomita 16. Sa'an nan ya tsaya cak, ya taka kuloci ko ya sa giya a firi idan mai canja kanta ce, ya shiga L4, ya ɗan yi gaba kaɗan, ya tsaya ya fito. Ya lura da ko fitila ta tsaya nan da nan ko ta yi jinkiri, ya rubuta kwanan wata a littafin mota. Jinkirin fitila shi ne zazzaɓin farko.

Aikin shekara kuwa na watan Maris ne ko farkon Afrilu, kafin ruwan fari. A shiga ƙarƙashin mota a bi tiyon numfashi daga tushe har baki, a busa shi, a sauya shi idan ya tsage. A zare soket ɗin waya a duba tsanwa da cizon ɓera. A kwance makullin mai na akwatin rabo a ɗiga kaɗan a tafin hannu: idan ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, a juye shi a zuba irin man giyar da littafin motar ya ambata, bai kuwa fi kimanin lita ɗaya ba. Irin wannan dubawa ta mai ta dace kuma duk lokacin da mota ta ratsa ruwa mai zurfi. A tabbata tayoyi huɗu girmansu ɗaya, iskarsu daidai. A hana mai wankin mota saita bakin ruwa a kan na'urar.

Idan kuma ta riga ta ƙi, bakanike nagari daga mai sauƙi yake farawa. Ya duba fis, ya auna batir, wanda cikakkensa ke nuna wajen bolt 12.6, ya duba soket da wayar as, ya kasa kunne ya ji ko ɗan motan yana ƙara idan an murɗa maɓalli. Sai bayan waɗannan ne zai buɗe murfi, kuma kafin ya taɓa haƙora ya yi musu alama, domin kowane yana da mazaunin da ya dace da inda gwafa take, idan aka mayar da su a karkace kwamfuta za ta riƙa samun labarin ƙarya. Sau da yawa wanke tsohon giris, da goge faifan jan ƙarfe a hankali, da sa sabon giris, da liƙe murfi da kyau, su ke nan maganin. Dukan na'urar da guduma wai don ta farka yakan fasa murfinta ne kawai. A wasu samfura ba a iya zare aktuweta gaba ɗaya sai an sauke akwatin rabo an buɗe shi, aikin da ke cin kuɗi da kwanaki.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai direbobi da kanikawa masu cewa maganin abin shi ne a koma ga sanda. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, har yau da sanda take fitowa, ƙungiyoyin agaji kuma suna sonta a wuraren da hanya ba ta da kyau. Duk hukumar da za ta sayi mota domin karkara ya kyautu ta tambayi direbobinta da kanikawan garin kafin ta biya kuɗi. Amma motocin da ke hannu a yau su ne za su shiga damina mai zuwa, yawancin sababbi kuma da maɓalli suke zuwa. Ita ma mai sandar tana da tiyon numfashi, tana shan mai, tana ƙin tayar da ba daidai ba.

Wasu kuma za su ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba a yawon banza da mota. Ai ba a nemi yawon banza ba. Kilomita 16 ɗin a cikin tafiyar aiki za a yi su, kuma ko da don su kaɗai aka fita, man da a-kori-kura za ta sha bai fi kimanin lita biyu ba. A auna wannan da kuɗin sabuwar aktuweta da ake sayowa daga waje da dala, ko da akwatin rigakafin da ya lalace, ko da ran mai naƙuda.

Gaskiyar abin da ke hana yi shi ne tsarin aiki. Motar hukuma ko ta ƙungiya ta kowa ce, saboda haka ba ta kowa ba ce. Direba yakan ji tsoron taɓa maɓallin da bai saba da shi ba, kada abu ya lalace a ɗora masa laifi. Mai sa hannu a takardar kuɗi kuma ya fi saurin amincewa da gyaran abin da ya mutu a kan duba abin da ke da rai. Shugaban da ya sa layi ɗaya a littafin mota, ya kuma riƙa neman ganinsa a ƙarshen wata, ya warware rabin matsalar.

Rabon makaranta

Malamin kimiyya yana iya koyar da duk wannan ba tare da mota ba. Ya ɗumama gorar roba maras komai a ruwan zafi, ya kifa bakinta a cikin ruwa, ya kwara mata ruwan sanyi, ɗalibai su ga ruwa yana hawa ciki. Ya sa ƙusoshi a kwalabe uku, ɗaya busasshiya, ɗaya da ruwa, ɗaya ƙusar an shafe ta da giris kafin a jefa a ruwan, a duba bayan mako guda. Ya tura keke ya sha kwana a kan yashi, ɗalibai su auna sawun ƙafar gaba da na baya da igiya. Ya kawo tsohon ɗakin zanzaro a fasa a ga abin da ke ciki. Sa'an nan ya nemi izinin wani bakanike na gari ya kai ajinsa gareji, domin a cikin waɗannan ɗalibai ne direbobi da kanikawa da shugabannin ma'aikatu na gobe suke. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020 a harabar tsohuwar Kwalejin Aikin Gona, wuri ne da ya dace da gajeren horo na kwana biyu ga direbobi da kanikawa a kowane ƙarshen rani.

Kammalawa

Manomin ƙasar Zuru ba ya jiran hadari ya taso kafin ya kai garmarsa maƙera, ba ya kuma jiran girbi kafin ya yaɓe rumbu. Abin da ake nema shi ne a ba motar da ke ɗaukar marasa lafiyarsa da takinsa irin wannan kulawa. Ɗalibin da ya karanta wannan, idan akwai direba a gidansu ko a makarantarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ranar da ya murɗa maɓallin ogzilari ta ƙarshe. Idan amsar ita ce tun daminar bara, to a nemi hanyar marmara a cikin makon nan.